Malami a Tafin Hannu: Gwanintar Koyar da Yaro ta Kiran Bidiyo

Malamin aji yana da mataimaka da yawa waɗanda ba ya biyan su ko sisi. Tsayuwarsa a gaban allo tana yi masa aiki. Takun takalminsa idan ya ratsa tsakanin bencina, inuwarsa idan ta faɗo kan littafin yaro, gyaran muryar da zai yi aji ya yi tsit, duk suna ɗauke masa rabin wahala. Ga ƙararrawa, ga hedimasta, ga ƙofar da ba a fita sai da izini, ga idon sauran yara da ke sa mai wasa ya ji kunya. A wurare da yawa kuma har gobe akwai bulala, ko da a kan tebur take kwance.

Malamin da ke koyar da yaro ta kiran bidiyo ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Fuskarsa ba ta fi tafin hannu ba. Yaron yana ɗakin uwarsa, kayan wasansa na gefe, ƙaninsa na rarrafe a ƙasa, ƙanshin miya na shigowa daga kicin. Idan ya gaji, yatsa ɗaya ya isa ya sallami malam, ya ce netwok ne ya yanke. Duk da haka akwai maza da mata da ke riƙe ɗan shekara bakwai minti talatin cur a haka, su rabu da shi ya iya abin da bai iya ba ɗazu, jibi kuma shi zai tuna wa uwarsa lokacin karatu ya yi. Wanda ya iya wannan ya iya koyarwa tsantsarta, domin an ƙwace masa duk abin da ke tilasta wa yaro zama, ba a bar masa komai ba sai fuska da murya da kunne.

Sana'ar ba tsohuwa ba ce. Bayan fitowar Skype a 2003, malamai a Masar da Pakistan suka fara biya wa 'ya'yan Musulmi mazauna Turai da Amurka karatun Alƙur'ani daga nesa. A ƙarshen 2016 WhatsApp ya ƙara kiran bidiyo, abin ya sauko daga kan kwamfuta ya shiga aljihun kowa. Sai korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, har UNESCO ta ƙiyasta ɗalibai sama da biliyan 1.5 ne suka koma gida, iyayen da ba su taɓa jin sunan Zoom ba suka iya shi cikin mako guda. An buɗe makarantu, amma al'adar ta zauna. Yau za ka tarar da iyalin da suka tashi daga Kano suka zauna a Manchesta ko Jidda ko Toranto sun nemo wa 'ya'yansu malami daga gida, wani don Alƙur'ani, wani don kada Hausar yaro ta salwanta. A Abuja da Kaduna kuma akwai iyayen da suka gwammace malamin lesin ya shigo ta waya da ya ɓata awa guda a cunkoson hanya.

Inda sana'ar ta taɓa yin babbar kasuwa shi ne Sin. A 2013 wata 'yar kasuwa, Cindy Mi, ta kafa VIPKid a Beijin, kamfanin da ya haɗa yaran Sin da dubun-dubatar malaman Turanci a Amurka da Kanada, yaro ɗaya malami ɗaya, minti 25 kowane zama. Maraicen Beijin asubahin Amurka ne, don haka malaman kan tashi duniya na barci, su kunna fitila su hau yi wa yaro fara'a. A watan Yuli na 2021 gwamnatin Sin ta kafa dokokin da suka hana ɗaukar malaman da ke zaune a ƙasashen waje don irin wannan aiki, kasuwar ta durƙushe. Amma dabarun da aka goge a waɗannan shekaru sun bazu, sun zama jarin duk mai wannan aiki.

Dalilin da ya sa iyaye ke biya a bayyane yake. Tun 1984 Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago ya ba da rahoton cewa matsakaicin ɗalibin da aka koyar shi kaɗai, ana gwada shi ana gyara masa, ya zarce kusan kashi 98 cikin 100 na 'yan aji na yau da kullum. Binciken da ya biyo baya bai samu tazara mai faɗin haka ba, amma ya tabbatar cewa zama da yaro ɗaya na cikin hanyoyin da suka fi kawo ci gaba. Sirrin ba wani ɓoyayye ba ne: a aji mai yara sittin kuskuren yaro kan kwana ya tashi, ya yi jijiya, ba wanda ya gani, a zaman mutum biyu kuwa ana kama shi yana fitowa. Abin tambaya shi ne yadda za a kama shi ta ɗan gilashi, da murya mai zuwa a makare.

Kafin a ce salamu alaikum

Gwani yakan gama kashi ɗaya na aikinsa kafin yaro ya ɗaga kira. Ba ya zama taga na bayansa, don fuskarsa za ta koma baƙin dunƙule. Haske a gabansa yake sa shi. Ba ya riƙe waya a hannu tana rawa, yakan jingine ta daidai tsayin idonsa, ko da littattafai zai tara a ƙarƙashinta, don idan tana ƙasa yaro haɓa da hanci kawai zai yi ta kallo. Bayansa bango ne wanda ba abin da zai ɗauke ido. Abin da zai nuna duk yana inda hannu zai kai, domin malamin da ya tashi neman alli na sakan ashirin zai dawo ya tarar da kujera ba kowa.

Sai maganar ido, wadda ita ce ta fi wuya a saba da ita. Idan malami ya kalli fuskar yaro a gilashi, shi yaron gani zai yi kamar ƙasa ake kallo. Idan yana so yaro ya ji an dube shi, sai ya kalli ɗan ramin kyamara, wanda ba kowa a ciki, kuma a wannan lokacin ba ya ganin abin da fuskar yaron ke yi. Ba ya iya yin biyun a tare. Gwani ya san rabon kowanne: idan zai yaba ko zai ja kunne, kyamara yake kallo, da ya jefa tambaya sai ya sauke ido kan fuskar yaro, don a nan amsar ke fara fitowa kafin ta iso baki.

Jinkiri da shiru

Hira tsakanin mutane tana tafiya da saurin da ba mu lura da shi. Wani bincike da Tanya Stivers da abokan aikinta suka buga a 2009, bayan sun auna hira a harsuna 10, ya nuna cewa ratar da ke tsakanin tambaya da amsa, a matsakaici, kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan ce. Netwok mai rauni kuwa kan cinye fiye da haka kafin murya ta isa. Sakamakon shi ne abin da kowa ya sani: ka yi shiru, ya yi shiru, sai ku fara magana tare, ku tsaya tare. Ga shi kuma manhajojin kira, don hana amsa-kuwwa, sukan danne murya ɗaya idan biyu suka haɗu.

Wannan ya rushe wata tsohuwar dabara da malamanmu suka dogara da ita, wato malam ya ja yaro ya bi a numfashi ɗaya, muryar babba na ɗauke da ta ƙarami. A waya ba ta yiwuwa. Dole aiki ya koma kamar na mata biyu masu daka a turmi ɗaya, taɓarya ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, wadda ta yi gaggawa ta fasa wa 'yar'uwarta hannu. Shi ya sa gwani ke yanka magana gajeru-gajeru, ya kuma kafa alamar miƙa zance tun ranar farko: ya nuna kansa idan nasa ne, ya kai hannu kunne idan na yaro ne. Bayan zama biyu ko uku yaro ba ya buƙatar a ce masa "maimaita".

Daga nan sai haƙurin yin shiru. A farkon shekarun 1970 Mary Budd Rowe, mai binciken koyar da kimiyya a Amurka, ta auna ta gano cewa malamai ba su cika jiran yaro fiye da sakan ɗaya ba bayan sun yi tambaya, kuma idan aka kai jiran sakan uku ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, "ban sani ba" ta ragu. A waya shirun sakan uku ji ake kamar kira ya yanke, harshen malami ya yi ta ƙaiƙayi ya ce "kana ji na?" Gwani ya koyi rarrabe shiru iri uku. Idan hoto ya daskare, na netwok ne, sai a jira. Idan ido ya yi sama, leɓe na motsi, yaro tunani yake yi, kuma katse shi a nan asara ce. Idan kuwa ido ya tsaya cak a gilashi amma yana bin wani abu hagu da dama, haske na sauyawa a fuskar, to an buɗe wani shafi ana kallon katun. Malamin da ya ɗauki na biyu a matsayin na uku ya zalunci yaro, wanda ya ɗauki na uku a matsayin na biyu kuma yaro ya gama raina shi.

Harafi a maƙogwaro

A karatun Alƙur'ani ne wannan gwaninta ta fi fitowa fili. Malaman tajwidi sun daɗe suna cewa karatu daga bakin malami ake karɓarsa, ba daga takarda ba, kuma Ibnul Jazari ya lissafa mafitar haruffa 17, daga ƙasan maƙogwaro har leɓɓa da hanci. A nan kyamara ta zo da wata riba da ba a yi zato ba: malam na iya matso da bakinsa har ya cika gilashin, yaro ya ga inda kan harshe ke taɓa haƙori, ganin da ɗan makarantar allo da ke layi na biyar ba ya samu.

Malamin da ya saba da yaran gida zai tarar kurakuran yaron da ya tashi a Ingila sun juye. Ɗan Kano kan mai da harafin nan mai ɗigo uku, wanda ake fito da kan harshe, ya koma sin. Ɗan Landan kuwa ba ya shan wahalarsa, don Turanci na da irinsa. Inda yake tuntuɓe shi ne ainun da ha mai kauri da ƙaf, haruffan da ke can ciki inda kyamara ba ta leƙawa. Dubi yadda gwana ke yi da yarinyar da ke ta mai da ha mai kauri ha mai laushi. Ba ta ce mata "ba haka ba ne" sau goma. Sai ta ɗauko tabarau ta ce, "'Yata, kin san yadda ake hura wa gilashi iska idan za a goge shi? Yi mini a tafin hannunki." Yarinya ta hura. "Kin ji ɗumi? Sake yi, ki ɗora yatsa biyu a wuyanki, ki matse kaɗan." Ita ma malamar ta juya gefe, ta ɗora nata yatsun, don yarinya ta ga wurin. A karo na uku ko na huɗu harafin ya fito, ko da da ƙura-ƙura. Nan take malamar ta ɗago ido ta kalli kyamara ta ce, "Shi ne! Masha Allah. Kada ki motsa, sake ba ni shi." Ba ta kai shi cikin aya ba sai da ya fito sau biyar shi kaɗai, sannan da wasali, sannan cikin kalma.

Akwai ƙananan abubuwa da sai mai aikin ya san su. Dole malam da ɗalibi su riƙe bugu iri ɗaya, domin wanda ya tashi da Warshu a tsangaya yana iya tarar da iyayen yaro Hafsu suke so, kuma da yawa sun fi son bugun Madina, mai shafi 604 da layi 15 a yawancin shafuka, don a iya cewa "shafi kaza, layi na bakwai" tunda ba halin ɗora tsinke a kan kalma. Tsawon madda da yatsu ake nuna shi a gaban kyamara, biyu ko huɗu ko shida. Manhaja kuma, a ƙoƙarinta na tace hayaniya, wani lokaci takan ɗauki sautin da aka ja da tsawo a matsayin ƙara ta rage shi. Malamin da ya san haka yakan kashe wannan tacewa inda manhajar ta ba da dama, kuma ba ya kama yaro da laifin gajarta madda sai ya sa shi ya sake.

Hannun malama, umarnin yaro

A lissafi matsalar wata ce daban: malami ba ya ganin hannun yaro yana rubutu, sakamako kawai ake ɗago masa. A ce an ba yaro 52 a cire 38, ya ɗago littafi ya manna shi a kyamara har komai ya dushe. "Ja shi baya kaɗan. Yauwa, tsaya nan." An ga ya rubuta 26. Malamin gaggawa zai ce amsa 14 ce, ya nuna hanya, yaro ya gyaɗa kai, gobe ya maimaita kuskuren. Gwana kuwa ta san 26 ba amsar ka-cici-ka-cici ba ce, akwai dokar da yaron ya ƙirƙiro wa kansa, kuma sai ta ji ta da kunnenta. "Faɗa mini yadda ka yi, ni ban gani ba." Yaro ya ce, "Na cire 2 daga 8, saura 6. Na cire 3 daga 5, saura 2." To ga cutar ta fito: a kowane layi ƙaramin yake cirewa daga babba, ko wanne ne a sama.

Maimakon ta ce ya yi kuskure, sai ta ce ya haɗa 26 da 38 ya gani ko za su koma 52. Ya samu 64, ya ɓata fuska. Yanzu shi ke neman bayani, ba ita ke tura masa ba. Sai ta sunkuyar da kyamara kan tebur, inda ta ajiye tsinkayen tsintsiya, ɗauri biyar na goma-goma da guda biyu a warwatse. "Hannuna naka ne. Ina so in ba ka 38. Faɗa mini abin da zan yi." Ya ce ta ɗauki takwas. "Biyu kawai nake gani a sake." Shiru, kuma ta bar shirun ya yi aikinsa. Can ya ce, "Malama, kwance ɗaya." Ta kwance, suka zama goma sha biyu a sake, ɗauri huɗu a ɗaure. Daga nan shi ya ƙarasa: huɗu a sake, ɗauri ɗaya, 14.

A aji da malamar ta kama hannunsa ta nuna masa. Rashin wannan damar ne ya tilasta mata abin da ya fi shi: ta zama hannu, yaro ya zama kai. Kuma kalmar nan "ni ban gani ba" gaskiya ce, yaro ya san gaskiya ce, shi ya sa yake bayani da zuciya ɗaya. Nisan da ake gani naƙasu ne, a hannun gwana ya zama dalilin sa yaro ya faɗi tunaninsa da baki, wanda shi ne abin da kowane malamin lissafi ke nema.

Iko ba da tsoro ba

Ta yaya ake hana ɗan shekara shida zamewa daga kujera? Ba da tsawa ba, don tsawa a lasifikar waya abin dariya ce. Minti 25 ko 30 ya ishi ƙaramin yaro, kuma a cikinsu gwani ba ya barin abu ɗaya ya wuce 'yan mintoci bai sauya ba: a ji, a faɗa, a rubuta, a tashi. Tashin ma cikin darasi yake. "Ruga ka kawo mini abu uku jajaye." "Je ka tambayi Umma sunan abin da take dafawa da Hausa, ka dawo ka faɗa mini." Gidan da ke ɗauke hankalin yaro ya koma kayan aiki. Malaman harshe suna aro daga hanyar da James Asher ya fito da ita a Amurka a shekarun 1960, inda ake haɗa kowace kalma da motsin jiki: a ce "tashi" a tashi, a ce "taɓa kai" a taɓa. Komai na fuska kuma sai an ƙara masa gishiri kaɗan, mamaki ya fito mamaki, murna ta fito murna, domin gilashi na rage wa fuska armashi.

Amma wasa kaɗai ba ya riƙe yaro wata shida. Abin da ke riƙe shi biyu ne. Na farko ya ga yana iyawa: gwani na jera aiki yadda yaro zai ci nasara sau da yawa, ya yi tuntuɓe jefi-jefi, kuma yabonsa na da adireshi, "yau ƙaf ɗinka ta fito daga inda ya kamata", ba "yaro mai ƙoƙari" kullum ba. Na biyu ya ga an san shi. Malamin da ya tuna cewa haƙorin yaro na girgiɗi ranar Talata, ya tambaye shi ranar Alhamis ko ya fita, ya sayi minti ashirin na natsuwa da tambaya ɗaya. Shi ya sa masu wannan aiki ke ajiye ɗan littafi, shafi guda ga kowane yaro: inda aka tsaya, inda ya yi tuntuɓe, abin da ya ba shi dariya.

Akwai kuma mutum na uku da kyamara ba ta nunawa. Yaro ya yi shiru, idonsa ya zame gefe, sai amsa ta fito daidai cif. Uwa ce ke raɗa masa. Niyyarta alheri ce, amma ta ɗauke wa malami abin da ya zo nema. Gwana ba ta kunyata uwa a gaban ɗanta. Bayan darasi take kira ta ce, "Hajiya, don Allah a riƙa bar mini shi ya yi kuskurensa, da shi nake aiki. Ke dai ki taya ni da tilawa bayan magariba." Ta cire uwar daga inda take ɓata aiki ta ba ta inda za ta gyara. Kuma malamin kirki shi ke fara kafa sharuɗɗan amana kafin a tambaye shi: darasi a falo ko inda babba ke jin abin da ake faɗa, kira ta lambar iyaye, ba saƙo tsakaninsa da yaro a ɓoye, ba ɗaukar hoton yaro a yi tallar makaranta da shi sai da izini.

Daga wannan gefen

Malamin da ke koyarwa daga Kano ko Zariya ko Maraɗi yana da ƙarin jarrabawa. Yakan shiga darasi da waya cike da caji, da layi biyu na kamfani daban-daban, da fitila mai batir a gefe saboda ɗauke wuta. Idan netwok ya fara shaƙewa ba ya ɓata minti biyar yana "kana ji na, ina jin ka". Yakan kashe hoto ya ceci murya, bayan darasi ya tura saƙon murya na abin da za a maimaita. Kuma muryar kaɗai ba abin rainawa ba ce. Lokacin korona a Botsuwana, ƙungiyar Young 1ove ta gwada tura wa iyaye saƙon lissafi tare da kiran waya na kusan minti 20 a mako, ba bidiyo ba komai, aka kuma auna aka ga yaran sun ƙaru.

Sai lissafin agogo. Makka na gaban Najeriya da awa biyu. Landan daidai take da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni tana bayanmu da awa ɗaya. Toranto na baya da awa biyar ko shida. Yaron da ya dawo makaranta ya ci abinci ya zauna ƙarfe biyar na yamma a can, malaminsa ƙarfe goma ko sha ɗayan dare yake fuskanta a nan, kuma dole ya zo da fara'ar safiya. Mu da Makka ba ma juya agogo, Landan da Toronto suna juyawa sau biyu a shekara, Turai da Amurka kuma ba rana ɗaya suke juyawa ba, don haka malam ne zai riƙe kalandar ƙasashen da bai taɓa takawa ba.

Ba a ce waya ta maye gurbin makaranta ba. Ba ta kama hannun yaro ta koya masa riƙon alƙalami, ba ta ba shi abokan da zai yi gasa da su, kuma tarbiyyar da ake samu ta ganin yadda malam ke zama da tashi da gaisawa da mutane kaɗan ce ke ratsowa ta gilashi. Amma abin da ke ratsowa ya fi yadda ake zato. A Italiya a 2020, Michela Carlana da Eliana La Ferrara sun haɗa ɗaruruwan yaran ƙaramar sakandare da ɗaliban jami'a 'yan sa-kai, kusan awa uku a mako ta bidiyo. Makin yaran ya tashi, musamman 'ya'yan marasa ƙarfi, kuma har natsuwar zuciyarsu ta ƙaru a lokacin da kowa ke kulle a gida. Babba guda da ke zuwa a kan lokaci, ya saurare ka kai kaɗai, abu ne mai nauyi a rayuwar yaro ko ta wace ƙofa ya shigo.

Saboda haka akwai gyara a yadda wasu iyaye ke ciniki. Sukan ce tunda malam bai hau mota ba, bai bar ɗakinsa ba, kuɗinsa ya kamata ya ragu. Uban da ke wannan tunani ya zauna gefe ya saurari darasi ɗaya daga farko har ƙarshe, ya lura da abu uku: wa ya fi yin magana, malam ko yaro, sakan nawa malam ke jira bayan ya yi tambaya, kuma idan yaro ya yi kuskure, amsa ake ba shi ko tambaya. Idan yaron ne ya fi magana, ana jiran sa, ana kuma bin kuskurensa har gindinsa, to an samu gwani, kuma minti talatin ɗin nan akwai shiri a gabansu, akwai rubutu a bayansu, akwai data da caji da barcin da aka sayar. Irin wannan malami a biya shi haƙƙinsa cikakke, a kan lokaci, ba sai ya yi tuni ba.